Jinin Biri a Kwalbar Rabo

A bayan turakun raƙuma na kasuwar Dakoro, inda hayaniya ba ta kai sosai, nan Rabo dillalin dabbobi ya ja Tanimu mai wasa da biri gefe, ya ce mishi yana son sayen jini.

"Jinin mi?" in ji Tanimu.

Rabo ya nuna da leɓe. A kafaɗar Tanimu wata birinya ce zaune cikin ƴar jar riga tana ɓarar gujiya. Ba jan birin nan na dajinmu ba ce. Mai baƙar fuska ce da farin gashi a kumatu, irin ta dazukan kudu. Sunanta Azumi, don cikin watan azumi Tanimu ya saye ta wajen wani maharbi, ta riga ta yi wayo. Da ita yake yawon kasuwanni, yau Kornaka gobe Dakoro, yana kaɗa ƴar ganga tana tsalle tana sara wa mutane kamar soja.

"Cikin cokali ɗaya kawai," in ji Rabo. "Ba yanka ta za ni yi ba. Shekara ashirin ina yi wa shanun mutane allura, ba wadda ta taɓa kai ƙarata."

"Tsibbu za ka yi da shi? Wa ya tare maka ciniki?"

"Magani ne."

"Maganin mi?"

"Kai Bagobiri, in ka sai da tunkiya, bin ta kake har gida ka ga ko suna za a yi da ita ko layya? Zabi biyu ina ba ka."

"Albarka," in ji Tanimu. Ya juya ga birinyar. "Kin ji Bakatsine? Wai zabi biyu." Azumi ta sosa ciki ta jefar da ɓawon gujiya a ƙafar Rabo. "Ka ga amsarta."

Rabo ya ƙara da zakara. Albarka. Ya ce ɗan bunsuru. Albarka. Tanimu ya daɗe da gane cewa mutumin da ke waige-waige yana ciniki ba shi da wata kasuwar zuwa. Ya miƙa hannu ya nuna wata jar akuya da ke ɗaure a turken Rabo, cikinta ya fara sauka.

"Waccan. Kuma ni ke riƙe Azumi, kuma ka zo mata da dabino."

Rabo ya dubi akuyar kamar ana cire mishi haƙori. Shi da ya saba ya sa mai kaya da mai saye kowa ya tafi yana jin ya ci riba, yau ga mai ganga ya ɗaure shi. Ya ce ya sallama. Suka tafa, suka sa gobe da safe.

Abin da ya kai dillali mai furfura ga sayen jinin biri, mace ce da tsoro.

Macen ita ce Rahinatu, mai sayar da cuku da man shanu a bakin tasha. Mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan, ɗiyarta Hamdiya tana aure a Kornaka, ita kuma tana zaune gidanta da ƙarfinta, ba ta jiran kowa ya awo mata hatsi. Rabo ya yi damina biyu yana sayen cukun da ba ya ci kafin ya iya buɗe baki. Da ya buɗe, ba ta yi mishi ja-in-ja ba. Ta ce, "Malam Rabo, ni ba yarinya ba ce, kai ma ba yaro ba ne. Kowanmu ya ga duniya. Ka tahi likita a auna jininka, ni ma in tahi a auna nawa. Ka kawo takarda in kawo takarda, sannan a kai goro. In babu takarda, ka ci gaba da sayen cuku, ina maraba."

Tsoron kuwa ya girmi sanin Rahinatu. Shekarun da aka yi rububin zinariya a Jado, Rabo ma ya rufe turkensa ya bi mota. Bai samo zinariya ba, zazzaɓi ya samo. Wani mai jaka, ba a san inda ya koyi aikin ba, ya bi su rumfa-rumfa yana soka musu allura, su bakwai da tsinke ɗaya, yana gogewa a hannun riga. Bayan sun dawo da shekara biyu, Saminu, wanda suka kwana rumfa ɗaya, ya kama rama har ya koma kamar kara, ya rasu a Birnin Lalle. Ba wanda ya faɗi sunan ciwon da ƙarfi, amma a wurin zaman makoki Rabo ya ji wata tsohuwa ta ce "sida", wato ƙanjamau, a ƙasan maƙoshi. Tun daga ranar bai sake neman aure ba. In ya yi tari sau biyu sai ya tsaya yana sauraren ƙirjinsa. Duk ranar kasuwa sai ya faki ido ya hau kilon masu sayen wake ya ga ko ya ragu. Bai taɓa raguwa ba, ƙaruwa ma yake kamar san kiwo, amma wannan bai kwantar mishi da rai ba. Likita kuwa ko ta ƙofarta ba ya bi. A ganinsa, muddin ba a rubuta abu a takarda ba, bai tabbata ba.

To, ga Rahinatu ta ce takarda.

Rabo ya yi abin da ya iya, wato ya je ya duba kasuwa kafin ya shiga ciniki. Akwai wata ƴar kilinik ta kuɗi bayan tasha, inda Rahinatu ta ce su je. Ya zauna bisa benci rabin yini kamar mai jiran wani, yana kallo. Ya ga tsohon majo, wato ma'aikacin jinya, mai ciwon gwiwa, shi ke ɗibar jini a ɗakin gaba. In ya ɗiba sai ya zuba a ƴar kwalba mai murfi, ya rubuta suna a ɗan farin salatif ya manna, ya miƙa wa mai jinin ya ce, "Kai labo, ɗakin awon jini, can ƙarshen gida." Tsakanin ɗakin majo da labo akwai tsakar gida mai faɗi, da bishiyar dogon yaro a tsakiya, da makewayi a gefe. Rabo ya ga haka, ya ji zuciyarsa ta yi fari. Irin kwalbar nan yana da su a gida, ma'aikatan rigakafin dabbobi sun bar mishi.

Saura jinin wa? Na mutum ba ya yiwuwa, don mutum yana da baki, kuma wa ya san abin da ke jikin wani. Na akuya ko na saniya, ya san ɗan boko yana dubawa zai gane. Amma biri fa? Hannu irin namu, farce irin namu, har hararar ma irin tamu. Kuma biri bai je Jado ba. A lissafin Rabo, duk faɗin Dakoro babu jinin da ya kai na Azumi tsabta. Can ƙasan ransa ya san abin da yake shirin yi bai dace da Rahinatu ba, amma duk sanda tunanin ya ɗago kai sai ya danne shi da cewa ai ga shi nan da ƙibarsa, takarda ce kawai ta rage.

Da safe ya kai akuya zauren da Tanimu ya sauka. Ɗibar jinin ba ta zo da sauƙi ba. Azumi ta ga allura ta gane, ta haye saman azara, ta sauko da hular Rabo a hannu ta cije ta. Sai da suka naɗe ta cikin buhu, Tanimu yana rarrashinta da sunaye irin na amare, Rabo ya lalubo jijiya a cinya. Ya cika kwalba, ya goge ɗan jinin da ya ɓata mishi yatsu a gefen wando. Azumi ta karɓi dabinonta ta juya musu baya.

A kilinik komai ya tafi yadda ya auna. Majo ya ɗaure mishi hannu ya soka, yana mitar gwiwarsa. Rabo ya karɓi kwalba ya jefa aljihun gaba, inda ta Azumi take. Ya ƙetare tsakar gida a hankali, ya ratse makewayi, ya ɓare salatif mai sunansa ya manna wa ta birinya, tasa kuwa ya sake ta cikin rami. Ya fito yana gyara wando, ya miƙa kwalba ta tagar labo. Wata matashiya mai farar riga da tabarau ta karɓa. Sunanta Naja'atu, daga Maradi aka kawo ta.

"Baba, ka dawo bayan azahar."

Ya tafi ya ci tuwo malmala uku. Rabonsa da cin abinci da daɗi haka tun kafin Jado.

Bayan azahar Naja'atu ba ta miƙo takarda ta taga ba. Ta buɗe ƙofa ta ce ya shigo, ta ba shi kujera, ta rufe. Rabo ya san wannan salon. Haka shi ma yake zaunar da mai raƙumi in zai gaya mishi dabbarsa tana da aibi.

"Baba, ka kwantar da hankalinka ka saurare ni. Awon farko ya nuna alama. Amma ban gamsu ba. Layin ya fito dishi-dishi, kuma a gefen da ba mu cika gani ba. Ba a yanke magana da awo ɗaya. Ina so in sake ɗibar jininka da kaina. Ko da ma ya tabbata, yanzu akwai magani, mutane suna..."

Rabo bai ji sauran ba. "Ya nuna" kaɗai ya shiga kunnensa. Ya miƙe ya ce zai yi alwala ya dawo, ya fita ta ƙofar gida bai waiwaya ba.

Ya bi titi yana tafiya kamar wanda aka sauke daga mota a garin da bai sani ba. Yaya jinin biri zai nuna ciwon mutum? Ya juya abin ta kowace fuska, har ya isa ga amsar da ta dace da saninsa. Shi mai dabbobi ne. Ya sha gani, a ɗaure lafiyayyar saniya turke ɗaya da mai ciwon huhu, kafin kasuwa ta watse ta ɗauka. To kwalba biyu sun zauna aljihu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, tun daga ɗakin majo har makewayi. Ashe ciwon da ke jikinsa ya yi ƙarfin da yake ƙetare gilashi da murfi. Ya tsaya gindin wani kanti ya dafa bango. Ya yi asarar akuya, ya yi asarar Rahinatu, ga shi kuma ya ji abin da ya shekara tara yana gudun ji.

Ƙarar ganga ta ja shi bakin tasha, ta ɓangaren da Rahinatu ba ta zama. Tanimu ya tara mutane, Azumi tana tafiyar tsofaffi da sanda. Da ya hangi fuskar Rabo sai ya tsai da kiɗa ya zo.

"Bakatsine, lafiya? In akuyarka ka biyo, ciniki ya faɗa."

Rabo ya ja shi bayan wata babbar mota, ya zazzage mishi komai, tun daga Jado har aljihu. Mutum in ya riƙe magana shekara tara, ranar da ta ɓalle ba ya zaɓen kunne.

Tanimu ya saurara baki buɗe. Sannan ya dafe kai.

"Tsaya. Kana da wanga ciwo, mai tsallake kwalba, shi ne ka kama mini Azumi da hannunka ka soka mata allura?"

"Sabuwar allura ce."

"Kwalbar ma ai sabuwa ce! Ka kashe ni, Rabo. Ka shafa mata! Kwano ɗaya muke ci da ita. Ita ke yi mini tsifar gemu. Jiya ma ta cije ni a yatsa, dubi!"

"Jiya ai ban taɓa ta ba tukuna."

"Kar ka kawo mini lissafin dillalai! Tashi mu tahi. Likitar da ta ga ciwon ita za ta ba da maganinshi, kuma kai ka saye."

Haka aka gan su sun ratso titi, Tanimu a gaba da birinya a kafaɗa da ganga a hammata, ya riƙe hannun rigar Rabo kamar ya kama ɓarawon awaki. Suna shiga kilinik, wa za su gani bisa benci gindin dogon yaro in ba Rahinatu ba, ta sha lulluɓi, ta zo karɓar tata takardar. Rabo ya so ƙasa ta tsage. Tanimu kuwa bai san ta ba, bai kuma iya magana a hankali ba.

"Ina madam mai awon jini? A fito a duba mini birinya! Wanga bawan Allah ya kawo muku jininta da sunanshi, yanzu ya ce ta kamu!"

Majo ya leƙo ta taga da allura a hannu. Naja'atu ta fito, ta dubi Tanimu, ta dubi birinya, ta dubi Rabo. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Baba, jinin da ka miƙo mini da safe, na wa ne?"

Rabo ya nuna Azumi da leɓe, bai ɗaga ido ba.

Naja'atu ta juya baya. Kafaɗunta suna rawa, ba a san ko fushi ne ko dariya ba, sai da ta juyo aka ga duka biyun ne. Ta ce su shigo ciki, birinya ta tsaya bakin ƙofa. Rahinatu ta miƙe ta gyara lulluɓi.

"Ɗiyata, ni ce wadda za a kai wa takardar. In Malam ya yarda, ina so in ji da kunnena."

Naja'atu ta dubi Rabo, don maganar jinin mutum sirrinsa ce. Rabo ya ga babu sauran abin ɓoyewa, ya ce ta shigo.

Da farko Naja'atu ta wanke shi tas. Ta ce abin da ya yi wasa ne da ran mutane, kuma jinin dabbar daji ba abin ɗiba da hannu tsirara ba ne. Rabo ya karɓa duka. Da ta sarara sai ya kawo mata bayaninsa, tun daga allurar Jado da shekara taran da ya yi cikin tsoro har kwalba biyu a aljihu ɗaya, yana yi da gaske. Nan dariyar ta ci ƙarfinta.

"Baba, ba ya tsallake kwalba. Ba ya bin hannu, ba ya bin kwano. Abin da na gani, na birinyar ne, nata na kanta."

"A'a!" in ji Tanimu daga bakin ƙofa. "Madam, ki iya bakinki. Azumi ba ta taɓa kwana waje ba. A ƙafata take ɗaure."

"Kafin ka same ta fa? A ina ta girma?"

Tanimu ya dubi Azumi ta gefen ido kamar yau ya fara ganinta.

Naja'atu ta ɗauko ɗan farin abin awon, mai kamar tsinken ashana mai faɗi, ta nuna musu. Ta ce birai da yawa na dazukan kudu suna ɗauke da wata ƙwayar cuta tasu, dangin wadda ke sa wa mutane sida. Ba ita ba ce, amma ƴan'uwa ne na kusa, asalinsu ɗaya. Irin su Azumi suna yawo da ita shekara da shekaru, galibi ba ta kayar da su. Shi kuma wannan abin awo, ba ƙwayar cutar yake gani ba. In cuta ta shiga jiki, jini yana ƙera masu gadi da suka san kamanninta, ko'ina suka gan ta su cafke. A jikin abin awon an shafa wani abu mai kama da fatar ƙwayar cutar mutane. In an ɗiga jini, in akwai masu gadin nan sai su cafke shi, layi ya fito. To masu gadin da ke jinin Azumi, ƴar'uwar suka sani, amma da suka ga mai kama da ita sai suka cafke.

Rabo ya ɗago kai. A karon farko tun azahar ya ji ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

"Kamar shaidar raƙuma ke nan," in ji shi. "Gidan wani mai raƙuma da ake kira Rhissa suna ƙona alama a wuya, ƴan'uwansu na arewa ma irinta suke yi, sai ɗan ƙugiya da sunka ƙara a ƙasa. Bara wani makiyayi ya kama raƙumin waɗancan ya rantse na Rhissa ne. Sai da munka aske gashin wurin."

"Ka ma fi ni iya faɗi," in ji Naja'atu. "Shi ya sa layin ya fito dishi-dishi. Ba kowane biri ba ne, ba kuma kowane awo ke kamawa ba. Kai dai ka yi sa'ar zaɓe."

"Akuya guda na biya," in ji Rabo a hankali.

"To yanzu miƙo yatsa. Kai ma mai ganga, tunda ka ce tana cizonka. Da wuya abin ya ƙetaro ta nan, amma ba a wasa da cizon biri, akwai wasu cututtukan ma."

Ta goge musu yatsu da alkol ta soka, ta ɗiga a abin awo biyu, ta rubuta suna a gabansu, ta ajiye bisa tebur inda kowa ke gani. Ta ce minti goma sha biyar.

Rabo ya sha zaman jiran mai saye ya dawo daga shawara, amma bai taɓa ganin lokaci mai nauyin wannan ba. Cikin jiran nan Rahinatu ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Rabo, in tambaye ka. Da ka tahi sayen jinin biri, ka ɗauka kana da ciwon ko ba ka da shi?"

"Uwar Hamdiya, ban sani ba. Tsoro nike."

"Tsoron kana da shi."

"E."

"Kuma da takarda ta fito da kyau, da ka kawo mini ita, a kai goro, ka shigo ɗakina da abin da kake zato."

Rabo ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Haka ne. Ban kyauta ba."

"Da ka zo ka ce mini, Rahinatu ga abin da ya faru a Jado, ina tsoro, da ni zan riƙo hannunka mu zo nan. Ko da an ce kana da shi, da mun zauna mun ji abin da likita za ta ce. Ba lafiyayyen jini na tambaye ka ba, gaskiya na tambaya. Kai kuma ka kawo mini biri."

Azumi kuwa tana ta fama da igiyar ganga.

Naja'atu ta duba agogo, ta jawo abin awon ta kai kusa da taga. Ta duba na Tanimu ta ce layi ɗaya, lafiya lau. Tanimu ya yi kabbara har birinya ta firgita. Ta ɗauki na Rabo, ta daɗe tana kallo, da gangan ko ba da gangan ba, Allah ya sani.

"Layi ɗaya. Negatif. Baba, ba ka da komai. Shekara tara kana gudun abin da bai taɓa bin ka ba."

Rabo ya ce ta sake dubawa. Ta sake. Ya ce a kawo wani abin awon a sake sokawa, shi zai biya. Aka sake, layi ɗaya. Sai ya zauna ƙasa bisa siminti, da babbar rigarsa da furfurarsa, ya rufe fuska da cizajjiyar hularsa, kafaɗunsa suna motsi. Aka ƙyale shi har ya gama.

Naja'atu ta ce akwai sauran magana. Tunda ya taɓa jinin birinya da hannu a yau, shi da Tanimu su dawo bayan wata uku a sake aunawa, don a rufe zancen gaba ɗaya. Rabo ya dubi Rahinatu. Ita ta riga ta karɓi takardarta ta ninke ta soke a bakin zane.

"Wata uku ya yi mini daidai," in ji ta. "Ina buƙatarsu in huce. Ranar da za ka dawo, ƙafata ƙafarka, a gabana za a soka. In na ga ka nufi makewayi da wani abu a aljihu, ka wuce gida daga can."

"Wato ba ki kore ni ba?"

"Ka ji na ce na kore ka? Gobe ka zo ka sayi cuku. Kuma wannan karon a gabana za ka ci shi."

Wata ukun nan Rabo ya ci cukun da bai ci ba tun haihuwarsa. Labari kuwa kafin magariba ya gama Dakoro, don Tanimu ya mai da shi waƙa yana kaɗawa a kasuwa, Azumi tana kwaikwayon mai miƙa kwalba ta taga. Mutane har daga Bader Goula suna tambayar ina dillalin da ya auna biri. Bayan girbi aka sake awo, ya fito layi ɗaya, aka kai goro, aka shafa fatiha.

In aka zo rabon riba da hasara, Tanimu ne ya fi kowa ci: akuyar ta haifa mishi biyu, ga sabuwar waƙa da ke cika mishi fage. Rahinatu ta sami miji da ba ya iya yi mata ƙarya ido cikin ido. Rabo ya rasa akuya, ya rasa hula, har yau abokan wasa in sun gan shi sai su tambaye shi lafiyar ƴar'uwarsa ta jini, amma ya daina hawa kilon masu wake, kuma duk wanda ya ji yana tsoron awo, shi ke raka shi. Azumi ta ɗan taɓu, don an raba mata kwano, an kuma hana ta tsifar gemu. Wanda ya yi hasara tsantsa, bai ci akuya ba bai ci amarci ba, shi ne tsohon majo. Tun daga ranar aka hana ba mai jini kwalbarsa a hannu, sai shi da gwiwar nan tasa yake ƙetare tsakar gida sau talatin a yini, kuma duk sanda ya wuce gindin dogon yaro sai ya ambaci sunan Rabo.